Hannun da ke Riga Ƙafa Shiga Takalmi

Kafin ya taɓa fata ko zare, Baba Sai-Yamma da shara yake farawa. Yana ɗaga ƙyauren shago sai ya share ƙasa tas, ya bi ta da guntun maganaɗisu yana tsince ƙananan ƙusoshi, domin a shagonsa mutane ba takalmi suke tsayuwa. Daga nan ya zauna a gajeriyar kujerarsa da ta lotsa, ya shimfiɗa tsohon buhu a cinya, ya fara goga wa zare kaki. A bayansa kanta ce cike da ƙafafun katako, irin waɗanda ake ɗinka takalmi a kansu. Kowace an yi mata ƙari da guntayen fata, wata a gindin babban yatsa, wata a diddige. Kowace ɗaya ƙafar wani mutum ce a unguwar, kuma Baba ya san mai ita ko da ido a rufe.

Wasu shumeka suke ce masa, bai taɓa jin haushi ba. Aikinsa dai ɗinka but ne na maza, wanda yake tsayawa daidai idon sawu, irin da mutum zai sa ya je aiki, ya biya kasuwa, ya dawo gida bai tuna da ƙafarsa ba. Sunan kuwa bakinsa ne ya ja masa. Duk wanda ya zo awon ƙafa da safe, amsa ɗaya ce: "Sai yamma." In ka matsa masa, sai ya ce ƙafar safe maƙaryaciya ce, ta kwana ta huta ta saɓe, sai ta wuni tana ɗauke da kai take faɗin girmanta na gaskiya. Masu sauri da yawa sun yi fushi sun tafi kanti. Wasunsu sun dawo suna ɗingishi, Baba kuwa bai taɓa ce wa kowa "ai na faɗa maka" ba, kujera kawai yake turo masa.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana jin mu da kunnensa, kuma ba wanda ya fi cancanta a fara da shi sai Dogo.

Dogo shi ne mai kula da wani babban sito na kayan gini. Wuni yake yi yana zirga-zirga a kan siminti tsakanin katakai da kwalaye, wurin da ba a yarda ma'aikaci ya shiga da silifa ba. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, har ya kashe masa ji a tafin ƙafa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ban da Dogo. Ya sayi wani but a kanti mai tsinin baki, mai sheƙi, kyan ɗan maciji. Takalmin ya yi ta cin ƙaramin yatsansa na hagu bai sani ba, sai da matarsa ta ji wari a safarsa. Yatsan ya tafi a asibiti. Ranar da aka sallame shi likita bai ɓoye masa komai ba: in wani miki ya sake buɗewa a wannan ƙafar ya ƙi warkewa, daga idon sawu za a yanke. Ya ce ya nemi wanda zai ɗinka masa takalmi daidai ƙafarsa. Ƙafar nan kuwa ita ce aikin Dogo, ita ce abincin yaransa da karatunsu.

Da safe suka zo shagon, shi da matarsa. Baba ya dubi ƙafar, ya dubi rana, ya ce, "Sai yamma."

Dogo ya ce, "Haba Baba, ga ni ga ka, ga ƙafar. Me yamma za ta ƙara mata?"

"Kumburi za ta ƙara mata, ɗana. Je ka ka wuni a kanta, ka kawo min ita a gajiye."

Da yamma suka dawo, Dogo yana cika yana batsewa. Baba ya sa shi ya tsaya cak a kan kwali, ya zana kowace ƙafa daban, don bai yarda akwai mutumin da ƙafafunsa biyu suke daidai ba. Sai ya zauna ya ɗora ƙafar hagun a cinyarsa, ya bi ta da yatsu a hankali, yana dannawa yana tambaya, "Ka ji nan? Nan fa?" Dogo yana girgiza kai. Can Baba ya ce, "To tunda ba ka ji, ni zan riƙa ji maka."

Dogo ya so a yi masa mai tsinin baki, don kada abokan aiki su ce ya sa kwale-kwale. Baba ya tambaye shi, ƙafa ce za ta shiga ciki ko idon mutane? Ya yi masa mai faɗin gaba, yadda yatsu za su baje. Ya shimfiɗe cikin da lallausar fatar akuya, ya juya duk wani ɗinki ya koma ta waje. Ya ƙi sa zif, ya sa igiya, domin ranar da ƙafa ta kumbura a sassauta. Wuyan ya kama idon sawu ba tare da ya shaƙe shi ba. Ƙasan kuwa rufi uku ya yi masa, kuma da basilla ya ɗinke shi, don a wajen Baba gam abokin rani ne, ruwa yana sauka yake gudu.

Ranar gwaji ce mutanen layin ba su manta ba. Baba ya juya ga matar Dogo ya ce, "'Yata, ara min jan-bakinki." Ta zaro ido. Ya karɓa ya shafa wa ƙaton nan a kan ƙasusuwan ƙafa da tabon aikin, ya ce ya zura ƙafar a hankali ya ɗan taka. Da aka cire, duk inda takalmin ya goge shi sai ga ja ya fito a ciki. Nan Baba yake bi ya buɗa, ya sake gwadawa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo ya ce, "Dogo, yau kwalliya ta sauka ƙasa ke nan?" Matar ta ce ita dai a biya ta jan-bakinta, tun da aka aure ta bai taɓa saya mata ko ɗaya ba, ga shi ya shanye wannan da ƙafa. Har Dogon sai da ya yi dariya, karon farko tun fitowarsa daga asibiti.

Dokoki biyu Baba ya kafa masa. Farar safa kawai zai riƙa sawa, yadda ko ɗigon jini ne za a gani. Sannan kullum in ya taso daga aiki ya biyo ta shagon. Dogo zai zauna ya cire but ɗin, Baba ya zura hannu ciki har ƙarshe, ya shafa ko'ina, ya miƙa masa. Aka ɗauki shekaru a haka, takalmin yana tsufa ba ya lalacewa, diddigen kawai ake canzawa. Har Dogo ya fara ganin abin ya zama ɓata lokaci.

Wata yamma ya zo wucewa a gurguje, ya ɗaga hannu daga bakin titi. "Baba, yau a yafe min, ana jira na a gida."

"Gidan ba zai gudu ba. Zo ka zauna."

Ya zauna yana tsaki ƙasa-ƙasa. Baba ya zura hannu a na dama, lafiya. Ya zura a na hagu, sai aka ga ya ɗan zabura. Ya fito da hannun, jini yana tsattsafowa a kan ɗan yatsansa. Ƙusar katakon sito ce ta huda ƙasan takalmin, ta ratsa rufin nan uku, bakinta ya leƙo ciki. Tun hantsi Dogo yake yawo a kanta bai sani ba. Aka duba farar safar, ga ɗan jan ɗigo kamar ƙwayar gero. Kaurin takalmin ne ya shanye tsawon ƙusar, abin da ya kai fata ɗan kaɗan ne. Mai shayi ya ce ai wannan ba komai ba ne, a sa masa ɗan magani. Baba bai ko kalle shi ba. Ya rufe shago da kansa, ya tare mota, ya raka Dogo asibiti. Likita ya wanke wurin ya ɗaure, ya ce sun kyauta da ba su bari ya kwana ba. Wurin ya warke. Matar Dogo ta zo shagon don ta yi godiya, sai ta fashe da kuka, Baba ya rasa inda zai sa kansa, ya hau neman gudumar da ke hannunsa.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne ka ɗauki ƙafar wani ka ɗora a cinyarka ba ka ƙyamace ta ba. Kai ne ka ƙi yi wa mutane abin da suke so, ka yi musu abin da zai kai su gida lafiya. Direbobi da masu gadi da malaman makaranta na unguwar nan suna tafiya a kan ɗinkinka, yawancinsu ba su taɓa tunanin su ce maka sannu ba, don takalmin ƙwarai ba ya tuna wa mai shi cewa yana nan.

Mutane sun ɗauka ido ne ya sa zai ajiye aiki. Ba ido ba ne. Kwanakin baya ya gama wani but, ya shafa cikin takalmin ya ji sumul, sai ga mai shi ya dawo da bororo a diddige. Da Baba ya haska fitila sai ga ƙullin zare a wurin da yatsunsa suka wuce ba su ji ba. Tsufa ya fara kashe masa kan yatsu. Ba wanda ya sani, da ya so da ya yi shiru ya ci gaba. Amma ya ce hannun da ba ya ji ba zai tsaya wa ƙafar da ba ta ji ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Yanzu yana raba ƙafafun katakon nan, kowa yana zuwa ya karɓi tasa, don duk wanda zai ɗinka masa nan gaba ya sami abin bi. Da aka zo kan ta Dogo, ba shi ya miƙa wa ba. Matarsa ya kira, ya kama hannunta ya zura cikin but ɗin mijinta.

"Har ƙarshe, 'yata. Ki bi gefe, ki dawo ta diddige. Kada ki yarda da bakinsa in ya ce lafiya lau."

Dogo ya ce, "Baba, ka haɗa ni da ɗan sanda a cikin gida."

Ta ce, "Da ma can ni ce, ba ka sani ba ne."

Mun gode, Baba Sai-Yamma. Allah ya huta da gajiya, ya sa wannan hannu ya sami mai riƙe shi kamar yadda ya riƙe na wasu. Ku kuma masu sana'a, ku koyi cewa "sai yamma" in aikin bai nuna ba. Wanda yake da uba ko miji ko yaya mai irin ciwon Dogo, yau in ya dawo gida ya cire takalmi, a ɗauka a zura hannu.

Ranar da za a kwashe kayan shagon, Dogo ya ce kada a nemo 'yan dako. Shi zai ɗauki keken ɗinkin Baba ya kai masa har gida, a ƙasa, da ƙafafunsa biyu.