Muryar Badaru a Kwandon Shara

Duk wanda ya taɓa shiga tashar manyan motoci ta Gaya ya san rumfar Halidu, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce mai lasifika biyu a bakin ƙofa, ɗaya na aiki, ɗaya na ado. Rumfata ta ɗinki tana jikin tasa, langa-langa ɗaya ya raba mu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Sana'arsa tura waƙa. Direba zai miƙo masa katin salula ko ɗan kile, ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa na'ura, ya ce a cika masa da abin da zai hana shi gyangyaɗi daga nan har Kotonu. Halidu ba ya tambaya. Ya san mai son wa'azi da safe da kalangu da yamma, ya san Alhajin da ke cewa a sa masa karatu zalla alhali fim yake so a ƙasan karatun. Ya fara da kaset a faranti yana yawo tsakanin motoci tun gemunsa bai fito ba, ya koma faifai, daga baya ƙanensa Badaru, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kawo masa tsohuwar kwamfuta daga bakin teku. Mu nan ordinatar muke ce mata. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa.

Mutumin kirki ne, amma zurfin cikinsa yana ba ni haushi tun ba yau ba. Ka tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya dube ka ya ga me kake nufi. A Tunuga aka haife shi, ubansa mai jirgin fito ne da ke ƙetare kaya a kogi, kuma abu biyu ya koya masa tun yana riƙe da gorar tuƙi. Na farko, abin da kake so ka sa shi ƙarƙashin abin da ke wari, atamfa a ƙasan bandar kifi, domin mai bincike ba ya son ɓata hannunsa. Na biyu, idan aka tambaye ka ko akwai wani abu, amsar babu ce, ko wa ya yi tambayar. Da wannan karatun uban ya ciyar da gida har ya rasu. Ba shi kaɗai ba ne, rabin garin nan da shi aka yaye mu.

Da daminar da soja suka karɓi mulki, aka rufe gadar da ke tsakaninmu da garin Malanbil na ƙetaren kogi, wutar da ke zuwa daga Najeriya ita ma aka yanke. Tasha ta mutu. Ni na koma facin tsofaffin riguna, Halidu ya koma korar ƙuda daga kan ordinatar. Badaru kuwa rufewar ta same shi a wancan ƙetaren, da mota cike da kayan mutane. Wasu direbobi suka bar motocinsu suka shigo jirgi suka dawo gida. Shi ya ce amana ce, ba zai bar ta ba. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, sauro na cinsa, yana jiran manya su shirya.

Daga can yake aiko saƙon murya a salular Halidu, yawanci don mahaifiyarsu, Inna Yalwa. Halidu ɗan fari ne, tsohuwar ba ta kama sunansa, ba ta ma cika dubansa ido cikin ido ba. Badaru ne auta, shi take kira da baki cike, shi take yi wa faɗa, shi take ɓoye wa ƙwan zabi. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne. Ya gaishe ta, ya ce ya sayo mata man shafawa na gwiwa yana cikin mota, ya yi tari, sannan ya yi Allah ya isa ga duk waɗanda suka rufe hanya. Bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, direbobi 'yan uwansa suka binne shi a can. Da Halidu ya ƙetara a jirgi, waɗanda suka yi jana'izar sun watse, mai gadin maƙabarta ya nuna masa jerin sababbin kaburbura ya ce yana cikinsu. Ya tsaya ya yi addu'a ga dukkansu ya dawo.

Ke nan tsohuwa ba ta da gawa, ba ta da kabari, sai murya. Kowace ranar kasuwa takan hau a-kori-kura daga Tunuga da ciwon gwiwarta, ta zauna a bencin Halidu, ya kashe lasifika, ya sa mata abin ji a kunne. Takan saurara ido rufe, leɓenta na motsi tare da maganar. Idan ta gama ta ce "to", ta ɗauki sandarta. Ba ta sayen komai a kasuwar.

A wannan lokacin ne jita-jita ta cika gari cewa ana duba salular mutane, wai an kama wani a wani gari kan saƙo. Wa aka kama, wane gari, babu mai faɗa maka. Ni dai ban ga an duba ta kowa a tasharmu ba, amma tsoro ba ya jiran shaida, kowa ya iya bakinsa. Halidu ya tuna da Allah ya isan nan. Ya kwashe saƙonnin Badaru daga salula ya zuba a ordinatar, ya goge na salular tas. Sai kuma ya ga ordinatar ma a fili take, kowa na leƙa ta. Nan karatun ubansa ya taso masa.

A cikin na'urar akwai wani wuri mai hoton kwandon shara, korbe suke ce masa. Abin da ka goge can yake faɗawa, ya zauna, in ka so ka maido shi. Halidu ya ga ya sami bandar kifinsa. Ya jefa muryar ƙanensa cikin kwandon, tsakiyar ruɓaɓɓun fina-finai da waƙoƙin da ba sa buɗewa. Ranar kasuwa ya tsamo ta, Inna ta ji, ya mayar. Ko ni da nake jin tarinsa ta langa-langa bai gaya mini ba.

Ordinatar kuwa ta tsufa, cikinta ya cika da tarkacen shekaru. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ga wuta ba ta daɗewa, kafin a tura wa mutum waƙa an ɗauke. 'Yan cinikin da suka rage suka fara wucewa wurin wani. Dole ya kira Sumana, mai gyaran na'urori a bakin kasuwa, magidanci mai natsuwa wanda ba ya taɓa kayan mutum da gaggawa.

Ina nan ranar, ina ɗinki a bakin ƙofa. A kan bencin kuma akwai Idrisa, wani dattijo da ya yi aikin gwamnati ya huta, mai yawan tambaya, kullum rediyo a kunne. Tun da aka yi juyin mulki Halidu ya sa masa ido, ya ƙudurta a ransa cewa kunnen wasu ne.

Sumana ya zo da manhajar shara a kilensa. Bai fara ba sai da ya yi bayani. Ya ce abin tsintsiya ne kawai, yana bin lungu-lungu yana tattara abin da na'ura ta yi amfani da shi ta yar, ba ya taɓa waƙa ko fim. Ya ce duk da haka ƙa'ida ita ce a kwafe abu mai muhimmanci a wani wuri tukuna. Halidu ya ce waƙoƙinsa duk suna da kwafi, kuma gaskiya ne. Manhajar ta gama lalube ta nuna abin da za ta kwashe, Sumana ya bi su ɗaya-ɗaya yana faɗa, har ya zo kan kwandon. Ya ce ya cika maƙil, shi ne ma ya fi cin wuri. Ya ɗaga hannu daga kan na'urar ya juyo.

"Kawu Halidu, korbe za a zubar. Akwai abin da ka aje ciki, ko wani wuri da ban sani ba?"

Na ga Halidu ya dubi benci. Idrisa ya rage muryar rediyonsa, don shi komai sai ya ji.

"Babu," in ji Halidu.

Sumana ya sake tambaya, ya ce mutane kan manta. Halidu ya ce wa ke ajiya a kwandon shara. Har dariya ya yi. Sumana ya danna.

Daga baya Halidu ya gaya mini ya tsorata a lokacin, amma ya ba kansa haƙuri. Shekarunsa da na'urar, duk abin da ya goge wani wuri yake faɗawa, don haka a tunaninsa ƙarƙashin kwandon akwai wani kwandon. Ordinatar ta tashi garau kamar an yi mata wanka. Halidu ya cika wurin da aka samu da sababbin fina-finai da wani ya kawo daga Kamba, ciniki ya ɗan motsa. Tsakanin mai saye da mai saye yana ta laluben kwando na biyu, shi kaɗai, gumi na zuba. Sai da ranar kasuwa ta matso ya je ya sami Sumana a keɓe ya faɗa masa.

Sumana ya zo da wata manhajar ta tono. Ya wuni a kai. Ya tono guntayen waƙoƙi, ya tono rabin wani fim, muryar Badaru ba ta fito ba. Ya ce da a ranar aka gaya masa, kafin a zuba sabon kaya, da an same ta, domin gogewa ba ta kashe abu nan take, abin da aka ɗora a kansa ne ke kashe shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce ai sau biyu ya tambaya. Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa wa zan zaga, shi, ko ubansa da ke kabari, ko waɗanda suka mayar da mu masu tsoron bencinmu.

Ranar kasuwa Inna Yalwa ta zo, Halidu ya ce mata babu kuran, wato an ɗauke wuta. Ta dubi ƙwan fitila, a mace yake, ta ce "to" ta koma. Mako na gaba da ya hango ta ya zare waya daga bango, ya ce na'ura ba ta da lafiya. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya gaya mata, gwiwar nan ba ta wasa ba ce. Ya ce yana neman dabara. Ya bi direbobi yana tambaya ko wani na da muryar Badaru, ya tarar kowa ya goge tasa salular saboda jita-jitar nan.

A zuwa na uku ta sauka da wuri. Lasifika na ta kiɗa, fanka na juyawa, Halidu na tura wa wani waƙa. Idrisa ya matsa mata ta zauna. Halidu ya kashe kiɗan, ya zo ya durƙusa a gabanta, ya faɗa mata duka, har kwandon. Ta saurara tana kallon ƙasa.

"Cikin shara ka sa shi," ta ce.

"Don in tsare shi, Inna."

Na ɗauka kuka za ta yi, na ajiye almakashi. Sai ta rufe ido kamar yadda ta saba, ta ce tunda ya ji saƙon sau da yawa, ya faɗa mata shi da bakinsa.

Ya fara, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ni ne Badaru. Ina lahiya, kada ki ji komi. Na sayo miki man gwiwa, shina cikin mota." Ya tsaya nan.

"Ka tsallake," ta ce, ido a rufe. "Hwaɗi sauran."

Halidu ya dubi Idrisa, ya dubi mutanen da ke tsaye da katunansu a hannu. Sannan ya faɗa, da muryar da ban taɓa jin ya ɗaga ba, har mai shayi ya juyo. "Waɗanda suka ruhe hanyag ga, na nan da na can, masu kaki da masu kwat, Allah ya isa tsakanina da su."

"Amin," in ji Idrisa, yana share ido da bakin rawaninsa. Ashe inuwa da fanka ke kawo shi, gidansa babu kowa.

Babu wanda ya zo kama kowa, ranar ko bayanta. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Tsohuwar ta buɗe ido ta lalubi sandarta. Ta ce kalmomin sun cika, amma shi Badaru kafin Allah ya isa yakan yi tari, kuma idan ya ce Inna yakan ja ta. Halidu ya ce zai sake, zai ja. Ta ce ya bari.

Ya raka ta har bakin mota, ta hau ba ta waiwayo ba. Ranar kasuwa ta gaba ya share benci tun da safe ya kashe lasifika, ya zauna har aka tashi kasuwa. Ba ta zo ba.