Duwatsu Ukun Da Na Kwaso Daga Gindin Ƙarfen Iyaka

Ni ba malami ba ne. Na yi allo kaɗan, ban yi nisa ba ubana ya ce in ajiye in kama fartanya. Saboda haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi. Wanda ya ga dama ya yi dariya. Ni dai ban yi ba a lokacin, har yau kuma ban yi ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Maigatari, tafiyar hantsi a kan jaki. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane laifina ba, don haka in fara da wannan: mu ba mu da dutse. Rairayi ne ko'ina. Ka haƙa rijiya gaba goma ba ka ga tsakuwa ba. Dutsen niƙa fatake ke kawo shi daga nesa, mace kuwa sai ta gaje shi wurin uwarta. Murhu da ƙasar suri mata ke dunƙula shi su shanya, damina ɗaya ya ruguje. Sau biyu murhu yana fashewa a ƙarƙashin tukunyar matata. Na biyun ruwan tuwo ya zubo mata a ƙafa, ta yi wata guda tana jan gindi.

Shekarar da Turawa suka zo raba ƙasa ina da 'ya'ya biyu. Kashi biyu ne, na Ingilishi da na Faransa, da raƙuma da masu ɗaukar kaya. Suka yini suna leƙa wani abu mai ƙafa uku, sannan suka kafa wani dogon ƙarfe a bakin gonata ta arewa, kusa da aduwa. Suka sauke duwatsu daga bayan raƙuma suka tare gindinsa da su. Aka ce mana daga nan ya yi kudu ƙasar Gumel ce, daga nan ya yi arewa ta Damagaram ce, wanda ya taɓa ƙarfen nan ya taɓa Nasara, wato Bature. Suka tafi.

Shekara biyu ina noma ina kallon duwatsun nan. Ba su tsinana wa kowa komai. Ƙadangaru ne kawai ke shan rana a kansu. A ta uku, lokacin sassabe, na zaɓi manya uku masu faɗin kai, na sa a mangala, na rufe da kara, na koro jakina gida. Ban taɓa ƙarfen ba. Haka na yi ta gaya wa kaina a hanya.

Matata ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa. Na ce ta yi shiru, ta ce, "Malam, murhun dutse a ɗakina kuma in yi shiru?" Kafin la'asar matan unguwa sun cika gidan. Kafin wata ya mutu kowane magidanci ya sha mita a ɗakinsa har ya ɗauki jaki ya bi sawuna. Ba wanda ya gaya wa wani. Sai dai ka shiga gida gaisuwa ka ga dutse ƙarƙashin tukunya ka kau da kai. Har gidan bulama, mai garinmu, wanda yake baffana ne, ƙanen ubana, na ga uku. Gindin ƙarfe ya koma rairayi tsura.

Hadarin farko na damina ya zo da iska mai ƙarfi. Da safe na je shuka na tarar da ƙarfen a kwance. Na gwada ɗaga shi ni kaɗai, ya fi ƙarfina. Na kuwa ji tsoron kiran wani, don in na kira, ni ne na fara gani. Na bar shi, na koma shuka ta kudancin gonar, na ba shi baya.

Wasu sojan Faransa masu raƙuma ne suka gan shi. Magana ta tafi Damagaram, daga can ta gangara Kano, ta dawo Gumel, ta faɗo kanmu. Ran nan da hantsi ina noman farko sai ga dogari a kan doki, da jar riga, ya tsaya a kan kunyata yana taka mini gero.

"Kai ne mai gonar ƙarfe?"

Na ce ni ne.

"Gobe hakimi zai zauna. Ya ce ka zo kai da bulamanku." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka ci tuwo ka ƙoshi. Ban san yaushe za ka ƙara cin na gida ba."

Wasa yake yi ko gaske, ban sani ba. Dogarai haka suke, da bakin wasa suke tsinka maka hanji. Na koma gida na tarar da tukunya a kan duwatsun nan tana tafasa. Na ce wa matata ta sauke a binne su. Ta ce, "Malam, a binne na gidanmu, na sauran gidajen fa?" Gaskiyarta ce.

A lokacin kowa ya san inda ake kai mai laifin Nasara. A sa maka marin ƙarfe a ƙafa, a kora ka Gumel a ƙasa, daga gidan yari a tura ka aikin hanya. Wani mutumin ƙauyen da ke kusa da mu an tafi da shi haka, bai dawo ba, matarsa ta yi takaba ba ta ga gawa ba. Ana kuma cewa in laifin iyaka ne, Faransa ake miƙa wa mutum, su kuwa ba su san bulala goma ba, sai hannun mai duka ya gaji. Abin da ke yawo a kaina ke nan muna tafe ni da baffa. Yana kan jaki ina biye. Da muka hango garin hakimi sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba:

"Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa. Ka ji ko? Bakinka ba na maroƙi ba ne."

Na ce, "To, Baffa."

Ban taɓa shiga zauren hakimi ba sai ranar. Muka tuɓe takalma tun daga nesa, muka faɗi muka yi gaisuwa. Hakimi yana kan buzu a bisa dakali, rawaninsa ya rufe masa baki, ido kawai kake gani. Alƙali yana damansa. Dagatai da bulamomi sun jeru jikin bango, kowa ya san wurinsa. Ni aka nuna mini bakin ƙofa, kusa da ƙafar dogari.

Nan na ga wani bafulatani. Yana zaune a ƙasa a tsakiyar zaure, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar kaba, ardonsu yana tsugune kusa da shi. Wanda aka ɗaure ɗin dattijo ne, na san shi sarai. Ni da kaina na roƙe shi da rani ya zo ya kafa shanunsa a gonata su ba ni taki, ina ba shi gero. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Sannu, mai gona." Na amsa, ban ji muryata ba.

Na zaci da maganarmu za a fara. Ina! Aka fara da yasar babbar rijiya, wace unguwa ce za ta ba da mutane. Dagatai biyu suka yi ta ja-in-ja, ɗaya ya ce mutanensa ne suka shiga bara, ɗayan ya ce, "Shiga suka yi ko leƙawa? Ai ko gugan da ya faɗa ba su fito da shi ba." Aka yi dariya. Aka koma kan gyaran hanyar da za a share kafin ruwa ya yi ƙarfi. Aka koma kan mahauta da ke zubar da tumbi kusa da masallaci. Ni ina zaune, gumi yana bin bayana, ina jin fitsari, ba halin tashi. Duk sanda hakimi ya motsa sai in ce yanzu ne.

Rana ta take tsaka sannan ya ce, "To, maganar ƙarfe." Ya ce masinjan Bature yana masauki, an kai masa fura, yana jiran amsa kafin la'asar. Bature da kansa zai zo nan da kwana bakwai. Abu biyu ake so: wa ya kayar, ina duwatsu.

Shugaban dogarai ya ce sun duba wurin, kashin shanu ne ko'ina, shanun wannan mutumin ne suka yi susa da ƙarfen har ya faɗi. Ardo ya ce, "Ranka ya daɗe, saniya tana susa, gaskiya ne. Amma tun da nake ban ga saniyar da ta haɗiye dutse ba." Wani ya yi ƙaramar dariya ya maida ita tari. Na saci kallon baffa. Kansa na ƙasa, yana jan carbi da sauri kamar ana korarsa.

Hakimi ya ce, "Ina mai gonar?"

Dogari ya zungure ni da ƙafa. Na ja gwiwa na matsa.

"Shanun mutumin nan sun kwana a gonarka?"

"Sun kwana, ranka ya daɗe."

"Sun je jikin ƙarfen?"

"Suna zuwa, ranka ya daɗe."

Duk gaskiya ne. Abin da aka tambaye ni shi na amsa. Na ji baffa ya saki numfashi. Wallahi da an tsaya nan da na tashi na tafi gida, a sa wa dattijon nan mari. Ba zan ɓoye ba, haka zuciyata ta so. 'Ya'yana nake tunani.

Sai alƙali ya yi gyaran murya. Ya ce shaidar da za ta kai mutum Gumel ba ta tafiya haka. A ba mai gona buta ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya ce bai san abin da ya kayar da ƙarfen ba sai shanu.

Aka fito da ni bayan zaure. Aka ba ni buta na tsuguna. Na wanke hannu sau nawa ban sani ba. Ni karatuna kaɗan ne, amma na san abin da ke samun wanda ya dafa littafin Allah a kan ƙarya. Na ga wanda gidansa ya ƙone, na ga wanda bakinsa ya karkace. Mari yana gabana, wannan yana bayana. Dogari ya ce, "Kai, alwala kake yi ko wankan gawa?"

Na dawo. Alƙali ya buɗe gafaka ya ajiye Alƙur'ani a kan buzu. Na miƙa hannu, hannun ya ƙi zuwa. Ba jarumta ba ce, kada wani ya ce jarumta ce. Tsoro ne ya fi tsoro ƙarfi. Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauki duwatsu. Uku. Na yi wa matata murhu."

Hakimi ya janye rawani daga bakinsa, sai a lokacin na ga fuskarsa.

"Murhu?"

"Murhu, ranka ya daɗe."

"A kan iyakar Nasara biyu kake tuƙa tuwo?"

Na kifa goshina a ƙasa. Na ji ƙarar ƙarfe a bayana, dogari ya ɗauko mari ke nan.

"Uku ka ce. Kayan raƙuma aka sauke a wurin nan, da idona na gani. Ina sauran?"

Na bar goshina a ƙasa. Ban kuma dubi kowa ba. Amma carbin baffa ya tsinke a daidai lokacin, 'ya'yansa suka watse a ƙasa, ɗaya ya gangaro har gaban dakali. Hakimi ya dubi baffa. Ya daɗe yana dubansa.

"Bulama, gida nawa ne a garinka?"

Baffa ya faɗa.

"Gida nawa ne ke girki da ƙasar suri yau?"

Baffa ya kama tsintar 'ya'yan carbinsa. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, mata ne..."

"Mata ne suka ɗaura wa jaki mangala?"

Hakimi ya jingina da bango ya rufe ido. Yanzu da shekaru suka ja na gane abin da yake aunawa. In ya tura ni Gumel, za a tambaye ni sauran, gari guda zai bi ni cikin mari, shi kuma a ce ba ya iya riƙon ƙasarsa. A lokacin ban gane ba. Ina dai jiran sanyin ƙarfe a idon sawuna.

Ya buɗe ido ya ce a kwance bafulatani. Ya ce wa alƙali, "Iska ta kayar da shi. Ƙarya ne?" Alƙali ya ce ba ƙarya ba ne, amma ba duka ba ne. Hakimi ya ce, "Masinja ba duka ya zo ɗauka ba." Ya ce kafin kwana uku kowane dutse ya koma, a goge baƙin hayaƙin da yashi da toka, a shafe da farar ƙasa. Ni kuma a ba ni bulala goma sha biyu a nan bayan zaure, ba a kasuwa ba, kada magana ta fita.

Sannan ya ƙara abin da ya fi bulalar. Ya nuna ni ya ce, "Daga yau ƙarfen nan a wuyanka yake. Ran da ya sake faɗuwa, ko iska ce ko aljani, kai zan miƙa."

Bulalar ta warke cikin kwana goma. Bafulatanin bai sake kawo shanunsa gonata ba. Baffa ya yi shekara bai amsa gaisuwata da kyau ba. Muka tayar da ƙarfen mu takwas, muka jera duwatsun. Baƙin bai fita duka ba, sai muka juya gefen da ya ci wuta ciki. Ran da Bature ya zo ina tsaye nesa a cikin gero. Ya zagaya sau ɗaya a kan doki, ya buga ƙarfen da sandarsa, ya tafi. Bai ko sauka ba.

Wancan hakimin ya rasu, an naɗa wani. Ban sani ba ko an gaya wa sabon maganar, ni kuma ba zan je in tambaya ba. Matata ta koma ƙasar suri, bara ma ta sake ƙonewa a hannu. Ni kuwa shekara goma sha wani abu ke nan, in hadari ya haɗu a gabas mutane suna murna, ni ƙarfen nake tunani. Ruwa na ɗaukewa nake ɗaukar sanda in nufi arewa, ko ban karya ba. Sai na hango kan ƙarfen ta saman aduwa sannan nake juyowa gida in karya.