Malam Atu, Akawun Da Ya Rubuta Shiru

Shekara talatin da biyar, kowace safiyar aiki Malam Atu kan ɗaure jakarsa a bayan babur, ya bar Tambuwal ya nufi wata ƙaramar kotu a ƙasar Kebbe. Kafin alƙali ya iso ya share teburinsa, ya gwada biro biyu. Aikinsa rubuta abin da aka faɗa a zaman shari'a. Abokan aiki har tsokanarsa suke yi, wai ko tari mutum ya yi sai Atu ya sa a takarda. A watan nan ya yi ritaya.

Wanda ya fi kowa sanin amfanin wannan naci shi ne Arzika, ladanin wani ƙauye. Surukinsa Ɗangiwa ne ya kai shi ƙara, bayan wani saɓani, cewa ya kwashe masa damman gero. Alhali geron na matar Arzika ne, Batula 'yar Ɗangiwa, daga gayaunarta, ita ta aike shi. Da aka tambaye shi ko ya aikata, sai bawan Allah ya sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, shiru. Aka ɗauka ya amsa laifi, aka ci shi tara. Tarar ba ta dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne mutanen gari sun ce wanda kotu ta kira ɓarawo ba zai ƙara kira musu salla ba.

Malam Atu ya iske shi a gona, ya tambaye shi me ya hana shi magana.

"Malam, ƙaƙa zan ƙaryata uban Batula gaban jama'a? Ba ni iyawa."

Atu bai yi masa dariya ba, shi ma yana da surukai. Ya dai faɗa masa abin da yake faɗa wa duk wanda aka yanke wa hukunci: akwai kotu a gaba, ana ɗaukaka ƙara, amma kwanakin ƙidayayyu ne, kada ya tsaya jiran a gama kaka. Ya kwafe bayanan zaman da hannunsa, suka isa kotun gaba a kan lokaci.

Can aka buɗe takarda, aka ga inda wani akawun zai taƙaita ya ce ya amsa, Atu ya rubuta: "An tambaye shi sau biyu, ya yi shiru." Aka sa a sake shari'a, Batula ta yi bayani, aka wanke Arzika. Ɗangiwa da kansa ya bi kiran sallarsa ranar.

Malam Atu, kai ne ba ka taɓa rage wa talaka magana don hannunka ya huta ba. Alƙalami mai amana, mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu shiga wannan aiki kuma, ku rubuta abin da kuka ji, ku bar abin da kuke zato.

Ranar walimar sallama Arzika ya zo takanas daga Kebbe. Aka ce ya faɗi wani abu, ya miƙe, ya riƙe hannun Atu, magana ta ƙi fita, sai hawaye.

Atu ya ce, "Zauna, Ladan. Wannan ma na rubuta."