Hashim da Hannun Baba Ɗayyabu

Kullum da la'asar Hashim kan dawo daga gona, ya wanke laka, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa yana satar kallon fitila, don kahraba, wato wutar lantarki, ba ta sallama in za ta tafi. Haɗa kiɗa ne aikinsa, amma a garinsu Wad Haddad mai lasifikar biki kawai ake ce masa.

Bara ciwo ya taɓa hannun daman Baba Ɗayyabu, makaɗin da shi kaɗai ya rage da sanin taken kowane gida, irin wanda kakanni suka taho da shi daga yamma. Yana buga ganga, amma sai ka kai kunne kafin ka ji. Ga bikin jikarsa Maijidda saura kwana tara. Tsoho ya rantse ba zai fita ya sha kunya ba.

Hankalin Hashim ya tashi ƙwarai. Samari suka ce ya saki gangar kwamfuta mana, wa zai gane?

"Tsofaffi za su gane," in ji shi. "Ni ma haka."

Sai ya ɗaure ƙaramin makirfo a bakin gangar, ya ja waya, ya bi da sautin ta cikin injin ganga na kwamfutar, yadda in tsoho ya taɓa fata inji zai ara wa bugun ƙarfi. Ina! Abin ya ƙi. Baba ya yi tari, lasifika ta ce dum. Akuya ta yi kuka, dum. Ya rage wa injin kaifin ji, sai ya daina jin hannun ma. Kwana shida yana neman tsakiya, abinci ba ya shiga.

"Ɗana, bar shi haka. Hannu ya tafi."

"Baba, ƙara ɗaya dai."

Daga ƙarshe Hashim ya dace da tsakiyar. Akwai maɓalli a kwamfutar da ke daidaita bugu ya zo cif-cif. Bai taɓa shi ba, don wannan ɗan jinkirin na tsoho shi ne taken.

Ranar biki guɗar mata Hashim yake tsoro, kada inji ya ɗauke ta bugun ganga ne. Guɗa ta tashi, inji bai kula ta ba. Sannan ganga ta faɗi taken gidan, tsofaffi suka miƙe ba wanda ya ce su tashi.

Kai ne, Hashim, ka tsaya bayan lasifika ranar, ba wanda ya ambaci sunanka. Kai ne mai riƙon amanar bugun wani. Mun gode, Allah ya saka.

Amma wallahi gabanmu na faɗuwa. Taken da ka naɗa a kwamfuta don kada ya ɓace bai kai rabi ba, hannun Baba kuma kullum ƙara nauyi yake. Duk mai wata sana'a a hannu, ya nemi tsohon unguwarsu yau. Ɗazu ma Baba ya aiko wa Hashim cewa ya yi sauri ya zo su naɗi sauran, yatsu sun ɗan saki.