Ban ga inda Ammu Sale ya nuna ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsakiyar wanke bas a Bi'ir Ali, inda masu umra ke ɗaukar harama, da safen nan ɗansa ya bugo mini: Ammu Sale ya rasu. Tiyon ruwan ma ban tsaya rufe shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Ammu Sale, wato Baffa Sale a Larabcin da muke yi a nan, shi ne mai zana layin filin ƙwallonmu. Yana tare da tim ɗin unguwarmu tun iyayenmu suna bugawa ba takalmi. Fili huɗu tim ɗin nan ya zauna. Uku gini ya cinye, na huɗun haya muke yi. Na biyu da na uku mutane da yawa sun san su. Na farko kuwa, inda aka fara komai, a sanina shi kaɗai ya rage wanda ya san wurin. Ba hoto, ba takarda.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na iya kallon mutane, kuma ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba.

Ba ya riƙe abin awo. Da tafiyar ƙafa yake auna fili, da gwangwanin farin garin jibs mai ɓuli a gindi. Kafin ya zuba ko ɗigo sai ya fara duba alƙibla, don ya saita layin gefe daidai da sahu. In aka kira magariba, mu da abokan karawarmu sai kowa ya ɗora yatsun ƙafa a kan farin layin nan, a tayar da salla. Wanda kuka gama zage-zage da shi a kan fanareti, shi ne kafaɗa da kafaɗa da kai.

Da muka koma filin ciyawar roba a Azizya, ya tarar da layin fenti a karkace. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanda ya zana wannan bai taɓa yin magariba a fili ba."

Ni ne gola. Ranar da aka zura mini biyar kowa ya watse ya bar ni. Shi ya zo da shayi da na'ana, ya zauna kusa da ni, ya ce, "Sha, ya waladi, sha ɗana. Wanda yake gola kafin kai bakwai ya sha, har ya yi aure."

In ya yi maka Hausa ka amsa da Larabci, ranar ba kai ba ruwan sanyin da yake raba mana.

Ya fi shekara yana ce mini in ɗauke shi a mota mu zaga filayen, in ɗauka a waya saboda na baya. Kullum sai in ce bayan mausim, in hidimar alhazai ta wuce. Juma'a biyu da suka wuce dai muka fita bayan la'asar.

Fili na uku ya zama gidan mai. Na biyu dogayen gidaje ne, ya tsaya a bakin wani shagon wanki ya ce nan ne raga. Ya faɗa mini sunan da tim yake amsawa a lokacin, da launin rigar farko da aka ɗinka musu. Duk wannan yana cikin wayata, alhamdulillahi.

Mun kama hanyar na farko ke nan mudirin wurin aikina, wato manajanmu, ya turo saƙo: motocin masu umra sun taso, in zo yanzu-yanzu.

Ammu ya miƙa hannu ta taga. "Saura kaɗan, ga shi can bayan gada."

Ina rubuta wa mudir amsa. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Bukra, Ammu, sai gobe in sha Allah," na juya mota.

Ya yi dariya. "Ku 'yan yanzu, bukranku ba ta wayewa."

Na kai shi har ƙofar gidansa. Da zai fita ya dafa kaina ya sa mini albarka.

Wallahi da na isa Bi'ir Ali babu bas ko ɗaya. Awa biyu na yi zaune a kan bokiti ina jiran su. Ni da ake yabo da haƙuri, na iya jiran mota awa biyu, na kasa ba dattijo minti biyar.

Ɗazu na bi ta hanyar. Gada uku ne a wurin. Ban san wadda yake nufi ba, ban san ko dama ya nuna ko hagu ba.

Don Allah, duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya taɓa bugawa a filin nan, ya tambaye shi yau. Ko da sunan wani shago ne ko wata bishiya, ya rubuta mini a ƙasa.

Za a yi masa salla a Harami bayan la'asar. Allah ka gafarta wa Ammu Sale, ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ni ma ka yafe mini. Wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.