Ranar da Ƙungiyar Agaji Ta Shiga Fagge

A kwalejinmu ta horon malamai mata da ke Kano, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ba a barin ɗaliba ta zauna babu ƙungiya. Mako na biyu da dawowa hutu sai a tara mu a babban ɗakin taro, a liƙa takardu a bango: ga ta muhawara, ga ta wasan kwaikwayo, ga ta ɗinki da saƙa, ga ta lambu, ga ta ƙungiyar agaji. Kowa ta rubuta sunanta inda ranta ya kwanta. Ni dai muhawara ba ta cikin tunanina, domin ko a aji aka ce in miƙe in yi karatu sai muryata ta hau rawa. Lambu kuwa tun a gida ya ishe ni. Na rubuta sunana a agaji saboda suna da farin ɗankwali da ba kowa ke ɗaurawa ba, kuma su kaɗai ake fita da su cikin gari ranar Asabar.

Mai koyar da mu wata nas ce da ke aiki a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, Kirista, 'yar wajen Zariya. Sista muke ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, fuskarta duk zanzana, irin tabon da agana kan bar wa wanda ya tsira. Kowace Laraba da yamma takan zo a kan keke, ta koya mana naɗa bandeji, da wanke miki, da yadda ake kwantar da wanda ya suma. Har muka ci rabin shekara, jini na gaske da muka gani bai wuce na wata ɗaliba da ta yanke da wuƙar kicin ba.

Da zafi ya shigo sai aka fara raɗe-raɗin agana ta ɓulla a Fagge. Wata safiya shugabar makaranta, wata Baturiya mai magana a hankali, ta kira 'yan agaji ofishinta. Ta ce hukuma ta fitar da masu yin lamba, wato rigakafin da ake karta wa mutum a damtse, amma duk maza ne, kuma magidanta ba sa barin su wuce soro. Mata da yara na ciki babu mai kai wa gare su. Sista za ta shiga, amma tana bukatar 'yan mata masu jin Hausa su taya ta. Ta ce wannan dama ce da za mu nuna amfanin abin da muka koya. 'Yan'uwana suka yi ta murna. Ni kuwa ban taya su ba.

Dalili shi ne ni ba a taɓa yi mini lamba ba. Lokacin da masu lamba suka zo garinmu ina ƙarama, kakata ta tura ni cikin rumbu ta rufe, domin ta ji an ce hannun wata yarinya ya ruɓe bayan an yi mata. Na girma da wannan tsoron. Sai kuma aka yi dace ina da wani tabo a damtsen hagu, inda man ƙosai ya taɓa fallatsar mini, zagayayye kamar an auna. Ranar da aka ɗauke ni makaranta aka tambaye ni ko an yi mini lamba, na nuna tabon, aka rubuta. Daga nan abin ya zama biyu: ina tsoron lambar, ina kuma tsoron a gane na yi ƙarya a kore ni.

Ranar Asabar mota na tsaye tana jiranmu, Sista ta jera mu a bakin ƙofa ta ce kowa ta naɗe hannun rigarta. Mun kusa ashirin, direba na ta danna ƙaho. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta dubi tabon, ta ɗago ta dube ni.

"An yi miki?"

"An yi, Sista."

"Ta kama da kyau?"

"Ta kama."

Ta wuce gaba. Na sauke hannun rigata na hau mota.

Aka sauke mu daf da Kantin Kwari, muka raba kanmu huɗu huɗu. Ni na faɗa rukunin Sista. Mai unguwa da duba-gari suna gaba, su yi sallama, su yi wa maigida bayani a soro, mu kuma mu shige. Aikina in bi ɗaki ɗaki in kira mata su fito tsakar gida. Sista takan kunna 'yar fitila mai shuɗin harshe ta ƙona allurarta, ta ɗiga maganin a damtse, ta yi ɗan karce. Gida uku muka yi lafiya, ban da kukan yara da wata tsohuwa da ta zage mu tas. Har na fara sakin jiki.

Gida na huɗu na wani Alhaji ne mai sayar da tufafi, Babarbare da kakanninsa suka daɗe a Kano. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce iyalinsa kowa lafiya lau. Matan suka fito ba gardama. Ina zagayawa sai na ji kukan jariri daga wani ɗaki can ƙurya, bayan madafa, an saki asabari a ƙofarsa. Wata dattijuwa da ke zaune kusa ta ce, "'Yar nan, babu kowa a nan, kayan ajiya ne." Amma kukan bai tsaya ba. Ban yi wani tunani ba, an ce in kira kowa, sai na ɗaga asabarin na shiga.

Warin ne ya fara tarbata, wari mai nauyi da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ban sake mantawa da shi ba. Da idona ya saba da duhun sai na ga mace kwance a tabarma. Ba ta girme ni sosai ba. Fuskarta ta kumbura, ƙuraje sun cika ta har ba inda za ka sa tsinin allura, sun bi hannuwanta har tafi. Idanunta sun kusa rufewa. Jaririn na gefenta yana ta harba ƙafa.

Ta ce, "Wace ce?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ko ke wace ce, don Allah ki ɗauke shi. Ki fitar mini da shi daga nan."

Ta tura shi da hannu biyu, hannunta ya gogi nawa. Na karɓe shi. Ban san yadda na fito ba, sai dai na ga kaina a tsakar gida, jariri a ƙirji, ina kiran Sista da muryar da ban san tawa ba ce.

Sista ta leƙa ɗakin, ta fito, ta aika a kira duba-gari. Gida ya rikice, mata na kuka, dattijuwar na cewa sun ɓoye ta ne don kada a ɗauke ta a kai ta sansanin masu agana ta mutu cikin baƙi. Sista ta karɓi jaririn ta yi masa lamba nan take. Sannan ta ba ni wani jan sabulu mai warin magani ta ce in wanke hannuna har kafaɗa, in mun koma a dafa kayan jikina. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin yi ƙoƙari. Kada ki damu, tunda lambarki ta kama babu abin da zai same ki."

Na ce, "To, Sista."

Lahadi ban ci abinci ba. Litinin a aji malama na koyar da tsarin darasi, ni kuwa ina ta juya tafin hannuna a ƙarƙashin tebur. Ko ƙaiƙayin sauro na ji sai in ce shi ke nan, ta fara. Na wanke inda matar ta taɓa ni har fatar ta yi ja. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin kwananmu: mu goma sha biyu, gado na gogar gado, kofi ɗaya muke shan ruwa da shi a randa. Ban san wace ce a cikinsu take ɗauke da irin ƙaryata ba. Wadda ke kusa da gadona ta tambaye ni me ke damuna, na ce ciwon kai ne. Da na ji kalmar ta fito daga bakina sai na ƙara firgita, don Sista ta ce mana da ciwon kai da ciwon baya agana take farawa.

Ranar Talata da hantsi aka tura mu huɗu Sabon Gari mu taya Sista dafa kayan aiki da naɗe bandeji. A hanya kasuwa ta cika, ana ciniki da harsuna iri iri, wani na kaɗa garmaho a bakin kantinsa, ni kuwa ina ta raɓewa kada in gogi kowa. Da muka isa, sauran suka zauna a baranda suna aiki. Na bi Sista cikin ɗakin magani na tsaya a bayanta.

"Mene ne?"

"Sista, tabon nan ba lamba ba ne."

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta kama damtsena ta ja ni bakin taga, ta shafa tabon da babban yatsa.

"Ƙuna ce," in ji ta.

"Man ƙosai ne."

"Ba a taɓa yi miki ba? Ko sau ɗaya?"

Na girgiza kai. Na zaci za ta mare ni, har na fi son ta mare ni. Amma sai na ga tana lanƙwasa yatsu: Asabar, Lahadi, Litinin, Talata.

Ta ce, "Da kin ƙara kwana biyu da ban san abin da zan ce miki ba. Ba ni hannun."

Ta kunna fitilar. Na runtse ido ina karanta duk addu'ar da na iya. Karcen bai kai zafin ƙaya ba. Abin da na yi shekara goma sha ina gudu ke nan.

Na ce, "Sista, zan tsira?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. In lambar ta riga ciwon kamawa, kin tsira. In ciwon ya riga ta, za mu yi jinya. Sai mun jira."

"Za a kore ni?"

"Ke, yanzu wannan ne a gabanki?"

Ita da kanta ta mayar da ni makaranta, ta shiga ofishin shugaba, suka daɗe. Ba a kore ni ba. Aka kai ni ɗakin marasa lafiya da ke can ƙarshen gini aka ce kada in fito sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Da yammar nan aka jera makaranta kaf aka sake duba damtsen kowa, wannan karon a tsanake, aka samu wasu uku da su ma babu.

Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mini. Babu madubi a ɗakin, sai murfin wani gwangwani da na goge nake duba fuskata a ciki, sau nawa a rana ban sani ba. Ta taga ina jiyo 'yan wasan kwaikwayo suna gwaji a fili, ana maimaita magana ɗaya ana dariya. A kwana na huɗu wurin lambar ya yi ja ya ɗan tasa. Na yi murna. A kwana na takwas na tashi da zazzaɓi, kaina kamar zai tsage, kaluluwa ta fito mini a hammata. Na kwanta ina kallon rufi, na ga fuskar matar nan sarai, na ga tawa a madadinta. Na yi ta tunanin wa zai je ya gaya wa mahaifiyata, da kuma ko za a bar ta ta gan ni. Mai kawo abinci ta kira ni daga waje, na kasa amsawa, ta ruga ta faɗa wa shugaba.

Sista ta iso bayan azahar, gumi ya jiƙa mata riga. Ta buɗe taga duka. Ta ce in buɗe baki, ta duba ciki. Ta duba goshina, ta juya tafin hannuna, ta duba tafin ƙafa. Sannan ta kwance ƙyallen damtsen: ƙurji guda ɗaya, babba, ya cika da ruwa, tsakiyarsa ta lotsa.

Ta ce, "Wannan zazzaɓin na lamba ne. Ta kama."

"Kin tabbata?"

"Na ce miki ta kama. Amma za ki cika kwanakinki a nan."

Na cika su. Ƙuraje ba su fito ba. Ranar da aka buɗe mini ƙofa, wasu 'yan ɗakinmu suka rungume ni, wasu kuwa suka yi mako guda ba sa zama kusa da ni a wurin cin abinci, ban kuma ga laifinsu ba.

Laraba ta gaba bayan an tashi daga taron ƙungiya, na tsaya na tambayi Sista labarin matar Fagge. Ta ce ta rayu, amma ido ɗaya ya tafi. Jaririn lambarsa ta kama, yana hannun 'yar'uwar uwarsa. A gidan an ƙara samun mutum biyu da suka kamu, ɗaya ba ta tashi ba, ita ce dattijuwar da ta ce mini babu kowa a ɗakin.

Aikin lamba bai ƙare ba sai da ruwa ya sauka, kuma sunana na nan a cikin masu fita. Asabar ɗin da na koma, a gidan farko na tsaya cik a soro. Sista ta riga ta shige, ina jin muryarta a ciki tana gaisawa da matan gida. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malama, ke ake jira." Na ce to, na ƙara tsayawa kaɗan ina shaƙar iskar gidan, ban ji komai ba sai hayaƙin itace da ƙamshin daddawa. Sannan na yi sallama na shiga.