Ranar da Ɗan Leƙen Asiri Ya Sauya Fuska

Shekarun baya, ina awon masara a kasuwar Funtuwa, akwai gidan kallo a bayan rumfarmu. In an yi la'asar ciniki ya lafa, can muke taruwa. Da yake na taɓa zama aji biyu a sakandare, ni ne mai fassara. Turancin nawa dai ga shi nan ne. Abin da ban ji ba, sai in cike da nawa.

Akwai finafinan wani ɗan leƙen asirin Turawa, mai baƙar kwat da mota mai harbi. Kashi-kashi suke zuwa, duk mun haddace fuskarsa. Rannan aka kawo sabon faifai. Sunan shi ne, aikin shi ne, amma mutumin daban, har launin gashi.

Kaina ya ɗaure. Mutane suka juyo. "Malam, ina namu?"

Na ce, "An kashe shi. Wannan maƙiyi ne ya saci sunansa. Ku jira, za a kama shi."

Abokina, manomi daga Ƙarfi, ya kawo min masara ranar, yana zaune tare da surukinsa. Ya ce, "Anya, mutumina? Ina jin ɗan wasan kawai aka sauya. Ka ga iyayen gidansa ma ba su yi mamaki ba."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa leƙa aji ba? Tsaya a kan takin zamani, ka bar mana Turanci."

Aka kwashe da dariya. Ya gyara hularsa ya fita, surukin na biye.

Fim ya ƙare, ba a kama kowa ba. Na ce sai kashi na gaba. Na gaban ya zo, mutumin yana nan da kwat ɗinsa. Abokina kuwa ya koma kai masararsa Malumfashi.

Sai bara 'yata ta nuna min a waya: fuskokin 'yan wasan da suka fito a matsayin ɗan leƙen asirin a jere, duk suna ɗaya. Na hau babur har Ƙarfi, na tarar da abokin nawa yana ɗinkin buhu a zaure.

Na ce, "Mutumina, kai ke da gaskiya. Ɗan wasa aka sauya."

"Wane ɗan wasa kuma, Alhaji?"

Na tuna masa. Ya ajiye buhun ya ce, "Wallahi fim ɗin na manta shi. Abin da ban manta ba, a gaban uban matata ka faɗa."

Ni da na yi shekaru ina zaton gardamar fim ce ta raba mu! Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, ya sa aka dama fura.

Har yau ban gane yadda mutum ɗaya yake ta sauya fuska ba, kuma ba ya tsufa. Amma yanzu in an tambaye ni abin da ya shige min duhu, cewa nake ban sani ba. Masararsa ta bana, a rumfata aka auna ta.